Shekarar da Baba Ya Koma Sahu

Na san abin da kuka taso kuna ji. In an yi biki ko rasuwa kun je gida, ba a rasa wata tsohuwa da za ta ja ɗayanku gefe, ta rage murya ta ce, ai ubanku ne ya sauke mahaifinsa daga limanci da ilimin bokonsa. Ban taɓa ba ku amsa ba, domin waɗanda maganar ta shafa suna raye, kuma ba na son tono abin da ƙasa ta fara rufewa. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, sai ni da Malam Nasiru, limamin garin na yau, shi ma na nemi izininsa ya ba ni. Zan faɗa muku yadda aka yi, iyakar abin da idona ya gani, kunnena ya ji.

Ƙauyenmu yana gabas da Ɗanbatta, inda babu daji ko na ɓuyan zomo. Gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, in ka yi atishawa a kunyarka maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Baba shi ne limamin masallacinmu tun kafin a haife ni, kuma a zaurensa kowane namiji na ƙauyen ya fara gane baƙi. Ba malamin manyan littattafai ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da hannunsa, ya san farilla da sunna, yana noma gero da gyaɗa kamar kowa. Muryarsa ba ta da zaƙi, nauyi gare ta da natsuwa, kamar takun san huɗa wanda ya san ƙarshen gonarsa. Karatunsa irin na mutanen da ne. Akwai harafin da muke kira lodi, wanda Larabawan yau suke furtawa kamar d mai kauri. Baba yana fito da shi kamar l mai nauyi. Haka ya karɓa daga malaminsa, haka malamin ya karɓa daga nasa. Da wannan bakin kakanninmu suka ba mu alƙali da farilla da alwala, dukkansu daga wannan harafin l ɗinsu ya fito.

Ni ne na biyu a ɗakin Inna, shi ya sa ake ce mini Sani. Yaya Auwalu ya zauna ya riƙe gona, ni aka miƙa wa boko, ba don an ga alheri a ciki ba, sai don dole a ba da wani. Bokon ya kai ni inda ban zata ba. Na yi Larabci a Sudan, na koyar a Damagaram na tsinci Faransanci, na zauna a Garwa har Fulatanci ya zauna a bakina, na yi zaman zango a Kumasi. Duk inda na je, kunnena ya fi idona aiki. Na ji Bamisire yana mai da jim g, na ji Basudane yana mai da ƙaf g, a aikin Hajji na ji talakawan Turkiyya da na Pakistan suna mai da lodi z. Kowace al'umma ta ɗinke Larabci daidai bakinta, kowacce kuma tana ganin na maƙwabciyarta ne ya karkace.

A Ingila aka ba ni sunan abin da na daɗe ina ji. Malamai biyu muka yi a kan sauti. Na farko ya raba mana ƙananan madubai, muka yini muna leƙa bakunanmu, muna duba inda harshe yake taɓawa, yadda leɓe yake haɗuwa, ta inda iska take bi. Wannan shi ne ilimin furuci. Ba ruwansa da yare. In akuya za ta yarda ta buɗe baki, zai auna kukanta. Na biyu ko madubi bai taɓa riƙewa ba. Tambayarsa guda ce kullum: masu wannan harshen, waɗannan sautuka biyu, abu biyu suke jin su ko abu ɗaya? Wannan shi ne ilimin tsarin sauti. Ku ɗauki kalmar fari. Wani Bakano zai faɗe ta da leɓe biyu a sake, wani ya matse su har ta fito kamar p, Basakkwace ya kai ta wajen h. Madubi zai ce sautuka uku ne, kuma bai yi ƙarya ba. Kunnen Bahaushe zai ce kalma ɗaya ce, shi ma bai yi ƙarya ba. Amma ka ce kara a inda ake son ƙara, ko yaron goye zai gyara maka, alhali Bature da Balarabe na titi sai su rantse abu ɗaya ka maimaita. Na dawo gida da wannan ina koyar da shi a kwalejin horon malamai a birni, ina ɗaukarsa abin allo da alli. Ban san zai bi ni har zauren ubana ba.

Shekarar da nake ba ku labari, Nasiru ya dawo daga karatu. Ɗan maƙwabcinmu ne, a gaban Baba ya sauke, daga nan ya tafi birni, daga birni ya samu tafiya ƙasar Larabawa. Ya dawo da tajwidi mai kyau da jakar kasakasai, ya buɗe darasi a rumfar ƙofar gidansu. Ina so ku riƙe wannan: Nasiru bai taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ko hanya suka haɗu sai ya tsuguna. Amma samarin da suka kewaye shi sun fi shi zafi, kamar yadda tukunya kan fi wuta ƙuna. Suka koyi fito da harshe, suka koyi cika baki, sai suka fara jin karatun Baba kamar tsakuwa a tuwo. Da farko in sun bi shi salla sai su koma gida su sake. Daga baya suka daina zuwa, suna yin tasu a rumfa. Kafin ruwan shuka ya sauka magana ta cika gari cewa duk sallar da aka yi a bayan Malam sai an rama ta. Tsofaffin da suka shekara arba'in a bayansa suka shiga lissafin abin da ba ya lissafuwa.

Yaya Auwalu ya shigo motar haya ya same ni a birni. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

"Ka zo ka rufe musu baki," ya ce. "Ƙasar Larabawan nan kai ma ka je, ka riga su. Mai unguwa zai tara mutane. Ka tashi ka ce karatun Baba daidai ne, shi ke nan."

"Sai na saurara tukuna, Yaya."

"Ka saurari me? Ba a cikinsa aka yaye ka ba?"

Na isa gida da hantsi, an kwana ana ruwa, kowa ya fita shuka. Baba yana zaure shi kaɗai a kan buzunsa. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma jan carbinsa.

"Sani, an ce ka karanci baki."

"Na ɗan taɓa, Baba."

"To ga baki. Duba."

Ya buɗe shi kamar mai jiran wanzami. Na sunkuyar da kai. Ni da na leƙa bakin mutane a ƙasashe da yawa, na kasa ɗaga ido in leƙa na mahaifina. A gidanmu ko cin abinci yake ba ma kallonsa. Na ce masa akwai wata hanya wadda ba ta bukatar ido. Zai zaɓi haruffa biyu masu kama da juna, ya rubuta wanda yake nufi a ƙasa da yatsa, ya faɗi kalmar da take da shi, ni kuma in faɗi wanda na ji ba tare da na ga rubutun ba. In ina dacewa kullum, to biyu ne a bakinsa, ko da ba su yi kama da na Balarabe ba.

"Sai dai ka yafe mini, Baba, dole in ba ka baya."

"Liman kullum baya yake ba mutane, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Juya."

Na juya ina fuskantar bangon da aka jingine alluna. Muka fara da lodi da lam, waɗanda samari suka fi yi masa surutu a kai. Ko sau ɗaya ban kuskure ba. Lam ɗinsa siriri ne a bakin harshe. Lodinsa kuwa daga gefen harshe yake fitowa, da kauri, yana jan wasalin da ke bayansa ƙasa. Wanda ya saba da kaset zai ce duka l ne, amma ba ɗaya ba ne, kuma Baba bai taɓa bari sun taɓa juna ba. Zuciyata ta yi sanyi, domin na karanta yadda malaman Larabci na farko suka siffanta wannan harafin, daga gefen harshe suka ce yake fita. Muka koma kan sodi da sin, na rarrabe su. Ƙaf da kaf ko wahala babu, Hausa ta riga ta ba mu kunnensu. Ina jin yatsansa yana shafe ƙasa yana sake rubutu, har ya fara tsokanata, yana maimaita harafi ɗaya a jere don ya ga ko zan yi canki.

Sai muka zo zal da zaira. Balarabe yana sa bakin harshe a haƙoran gaba ya fito da zal, zaira kuwa ita ce z ɗinmu ta zuma da zabo. Baba ya faɗa, na ce zaira. Ya yi shiru, na gane ban dace ba. Ya sake, na ce zaira, na dace. Ya sake, na saurara da duk abin da Allah ya ba ni na ji, na rasa abin kamawa. Na roƙe shi ya ƙara, ya ƙara. Sauti ɗaya ne yake fitowa, ko wanne ya rubuta.

"Mu yi musanya," ya ce.

Ya juya mini baya. Ban taɓa ganin ƙeyarsa kusa haka ba sai a salla. Na faɗi zal yadda aka koya mini a Sudan, na faɗi zaira, na cakuɗa su.

"Sake."

Na sake.

"Kai ma abu ɗaya kake faɗa."

"Biyu nake faɗa, Baba."

Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo sai ya dubi hannunsa na dama, wanda tawada ta rine gefen yatsunsa.

"Ban taɓa rubuta ɗaya a gurbin ɗaya ba. Ka bincika duk abin da na rubuta."

"Na sani."

"Ashe a hannu biyu ne, a kunne ɗaya." Ya shafe ƙasar da tafinsa. "In sun tambaye ka me za ka ce?"

"Abin da ka ce in ce."

"To ashe ban koya maka komai ba."

Aka taru bayan La'asar a gindin durumin ƙofar gidan mai unguwa, tsofaffi a tabarma, samari a tsaye daga baya. Baba bai zo ba, ya ce ba a yi wa mutum aski yana riƙe da askar. Nasiru ya yi magana a taƙaice, cikin ladabi, ya ce kowane harafi yana da mafitarsa kuma haƙƙi ne a ba shi ita. Sannan mai unguwa ya ce ga Malam Sani, ya zagaya duniya, a ji ta bakinsa.

Na fara da cewa ingancin salla ba fannina ba ne, na malaman fiƙihu ne, kuma ba zan taka gonarsu ba. Na ce abin da na sani shi ne sauti, kuma tambaya biyu ake yi wa sauti. Na nuna musu gonakin da ke bayan gari. Na ce tsakanin gonar wane da ta wane gamba ce iyaka, tsakanin wasu lalle ne, wasu dutse kawai aka kafa. Mai son sanin da me aka yi iyakar, tambayarsa daban. Mai son sanin ko gona biyu suna nan biyu, tambayarsa daban. Malam Nasiru yana tambayar farko, kuma ilimi ne na gaske. Ni na yi wa Baba ta biyu. Na ce mafi yawan abin da kuke kira kuskure ba kuskure ba ne, iyakar tana nan daram, da gamba aka yi ta maimakon lalle. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai. Na hangi Yaya Auwalu yana gyara zaman hularsa.

Wani dattijo mai suna Baba Ɗanjuma, wanda ya ƙare rayuwarsa a rigimar iyaka, ya karkato.

"To Malam Sani, duk iyakokin suna nan? Ba inda garma ta ci?"

Aka yi 'yar dariya. Da na yi dariyar tare da su na zauna, da taron ya watse a haka. Amma tambaya aka yi mini a gaban jama'a, kuma mutumin da abin ya shafa ya riga ya gaya mini abin da yake tsammani daga gare ni.

"Wuri ɗaya," na ce. "Zal da zaira sun zama gona ɗaya a bakinsa, kamar yadda suke a bakin yawancinmu nan."

Duk abin da na faɗa kafin wannan, iska ta kwashe. Kafin Magariba gari ya ɗauka cewa ɗan Malam da bakinsa ya ce karatun Malam da gyara. Da aka kawo tuwo zaure, Yaya Auwalu ya ɗauki akushinsa ya koma ƙofar ɗakinsa. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci. Daga ranar bai sake haɗa hannu da ni ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma ko da muka shirya, bai taɓa cewa na yi daidai ba. Inna, wadda ba ta kama sunansa don ɗan fari ne, ta same ni a bakin rumbu.

"Yayanka ya kira ka kashe wuta, ka tsaya kana auna tsawonta."

"Inna, tambayata aka yi."

"Kowa ana tambayarsa. Ba kowa ke amsawa ba."

Baba kuwa bai ce mini komai a kan taron ba. Da zan koma birni ya ce in riƙa zuwa duk Alhamis, ranar da babu makaranta, in koya masa harafin. Haka muka yi daminar nan. In sauka a bakin titi, in bi ta cikin gonaki, gero yana ƙara tsawo mako bayan mako, in same shi yana jirana. Yanzu dole na dubi bakinsa, kunya ta ba da wuri. Haƙoran gabansa na sama saura ɗaya da rabi. Na nuna masa inda zai sa harshe.

"A gidan nan yaro in ya fito da harshe rankwashi yake sha," ya ce. "Ga shi da furfura an ce in fito da nawa."

Ya koya. Kafin gero ya fid da kai, in ka ce ya faɗi zal shi kaɗai, zai faɗe shi tsaf, Nasiru ma da ya ji sai da ya yi kabbara. Samari suka fara komowa masallaci ɗaya ɗaya. Na ɗauka an gama, domin malamina na farko ya yi nasara: baki ya koyi sautin. Na manta da malamina na biyu. Kunnen Baba bai canza ba. Harafin nan bai zauna a cikin karatunsa ba, baƙo ne da ake shigo da shi da hannu. Kafin ya furta, sai ya hango rubutun a zuciyarsa, ya tabbatar wanne ne, ya tuna inda harshe zai je, sannan ya aika shi. In ya saki jiki karatu ya ɗauke shi, sai tsohuwar z ta dawo ba sallama, shi kuma ba ya ji, sai dai ya gani a fuskar wani bayan an idar. Saboda haka ya daina sakin jiki. Karatun da yake gudana kamar ruwa a kwari ya koma tafiyar mai tsallake ƙaya. Inna ta ce ko tuwo yake ci sai ka ga kamar yana tuhumar bakinsa. Na je wajen malaman fiƙihu a birni, na kawo masa abin da suka faɗa na sauƙi ga wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce ya san da wannan tun ban san hanyar birni ba, ba hukunci ne ya dame shi ba.

Ranar da abin ya faru an fara yankan gero, masallaci ya cika da mutane masu ƙaiƙayi a wuya. Sallar Magariba ce, ina sahun farko. Baba ya kama Fatiha. Ya zo kalmar da take da zal, kusa da ƙarshe, ya faɗe ta, bai yarda da ita ba, ya koma ya sake. Ya sake komawa. Sai ya tsaya. Surar da yake karantawa tun bai yi kaciya ba, ya tsaya a tsakiyarta kamar wanda ya ɓata a gonarsa. Ba wanda ya ɗora masa, domin kowa ya san ba mantuwa ba ce. Ina jin numfashin mutane, ina jin tumaki suna shiga gida. Daga bisani ya ja ta a hankali ya kai ƙarshe. Bayan sallama bai juyo ya fuskanci jama'a ba kamar yadda ya saba, har aka watse.

A zaure ya kira ni da Yaya Auwalu. Muka zauna, kowa da nasa gefen.

"Tun ina yaro nake tsayawa gaban Ubangijina," ya ce. "Yau gaban harshena na tsaya."

"Ka koma karatunka na da, Baba," in ji Yaya. "Wanda ya ga dama ya bi, wanda bai ga dama ba ga rumfa can."

"In ni kaɗai ne, da shi zan yi, Allah ya san bakin da ya ba ni. Amma in na shiga gaba, rabin zuciyata tana wajen kunnuwan da ke bayana. Mutane sun baro gona sun ba ni amanar sallarsu, ba zan ja su da rabin zuciya ba."

Yaya ya dube ni, irin kallon da ba ya bukatar magana. Baba ya gani.

"Kada ka ɗora masa. Ni na buɗe masa baki na ce ya duba."

Washegari da rana ya aika aka kira Nasiru. Ina wurin. Nasiru ya tsuguna nesa da buzu, da ya ji abin da ake nufi sai ya ce shi ba zai iya ba, ba wannan ya nema ba, a bar shi da darasinsa.

"Na san ba ka nema ba, shi ya sa na kira ka," in ji Baba. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Iyayen mutanen nan suna kwance a bayan gari. A bayana suka yi sallarsu, ni na sallace su, da wannan bakin. Ka koya wa yara harafi yadda ya dace, ka fara tun kunnensu yana ɗanye. Amma kada in ji an ce wa wani ubansa ya mutu da bashin salla."

Nasiru ya ce ya ɗauka.

Da aka tayar da iƙama a Magaribar ranar, Baba ya taka zuwa gaba kamar kullum. Sai ya juyo, ya kama hannun Nasiru daga sahu, ya tsayar da shi a kan buzun liman, shi kuma ya ja da baya. Sahun farko a cike yake, ba a taɓa tanadar masa wuri a ciki ba. Mutane suka rikice, wannan ya matsa, wancan ya matsa, har Baba Ɗanjuma ya koma sahu na biyu. Baba ya shiga tsakanina da Yaya Auwalu, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Ban san ya ƙanƙance haka ba.

Nasiru ya yi kabbara. Fatiharsa ta fita tsaf, kowane harafi daga mafitarsa, amma ana jin rawa a ƙarƙashinta. Ya kama sura, ya yi 'yan ayoyi, sai hanya ta ɓace masa. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Samarinsa suna bayansa, ba wanda ya iya buɗe baki. Sai muryar Baba ta fito daga gefena, ba da ƙarfi ba, mai nauyi, a natse, da karatunsa na da, da lodinsa da z ɗinsa, ya ɗora masa farkon ayar. Nasiru ya karɓa, ya maimaita ta da nasa bakin, ya wuce.

Baba bai sake shiga gaba ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma bai taɓa rasa sahun farko ba sai a ciwon ajali. Ba wanda ya sauke shi. In tsohuwa ta sake jan ɗayanku gefe, kada ku yi mata musu, ku ce ta yi masa addu'a. Allah ya haskaka kabarinsa, ya karɓi karatunsa yadda ya ji shi.